Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa fitilun cikin silin

Fitilar da ake binnewa cikin silin tana ƙawata ɗaki, amma da an rufe ramin, duk aikin da aka yi ba daidai ba ya shige inda ido ba ya kaiwa. Sau da yawa ba a farga sai an ji ƙaurin roba, ko bireka, wato na'urar da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa, ta fara faɗuwa.

Kuskuren farko shi ne huda silin kafin a zana tsari a takarda. Sai rami ya faɗa kan katakon da ke ɗauke da rufi, a sassaƙe shi don fitila ta shiga, a raunana ginin. A fara gano inda katako, bututun ruwa da tsofaffin wayoyi suka bi. Tazarar fitilu kuwa, masu aikin kan ɗauki rabin tsayin silin: idan mita 3 ne, a bar kusan mita 1.5 tsakaninsu.

Zafi shi ne abin da ya fi damuna, domin shi aka fi rainawa. Tsohon ƙwan halojin mai wat 50 yana iya babbake katakon da ke kusa da shi. Na LED mai wat 5 ko 6 ya fi shi sanyi nesa ba kusa ba, sai dai ƙaramar na'urar da ke ba shi wuta tana ɗumama, kuma in aka danne ta da audugar hana zafi da ake shimfiɗawa saman silin, ba ta daɗewa. Fitilar da aka yarda ta taɓa audugar tana ɗauke da alamar IC. Wadda ba ta da ita, a bar mata sararin da kamfanin ya rubuta a takardarta. Idan akwai ɗaki a sama, a nemi fitilar da aka ƙera don jure gobara, saboda kowane rami ƙofa ce ga harshen wuta.

Sai lissafin nauyi. Bireka mai amfiya 6 a kan volt 230 tana ɗaukar wat 1,380, kuma waya mai kaurin 1.5mm² ita aka saba ja wa fitilu. Ɓarnar tana zuwa ne idan bireka ta yi ta faɗuwa, aka cire ta aka sa babba. Bireka waya take karewa. In ta fi ƙarfin wayar, wayar ce za ta narke. Fitilun LED masu yawa kan fizgi wuta da ƙarfi a daidai lokacin kunnawa, maganinsa a raba su layi biyu.

A waje da banɗaki, ruwa ne abokin gaba. Lambar IP da ke jikin fitila tana nuna yadda take jure ruwa da ƙura: mai IP44 tana jure fantsamar ruwa, mai IP65 kuma tana hana ƙura kuma tana jure feshi, don haka ita ta dace da inda ruwan sama ke bugu kai tsaye. Fitilun waje su samu layinsu daban mai na'urar RCD ta miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa. In aka haɗa su da na ciki, danshi a fitilar ƙofar gida ɗaya zai jefa falo cikin duhu. Wayar da za ta bi ƙarƙashin ƙasa ta zama mai sulke, ko ta bi cikin bututun da aka yi don haka.

Murɗe wayoyi a naɗe da salatif a cusa saman silin ba haɗi ba ne. Kowane haɗi ya shiga akwatinsa mai murfi, a inda hannu zai kai gare shi, kuma fitila mai jikin ƙarfe a ɗaura mata wayar ƙasa (earth), wadda ke kai wutar da ta zurare zuwa ƙasa. Makunnin rage haske ma ya zama na LED, in ba haka ba fitilu su yi ta ƙyafce-ƙyafce.

Kafin a taɓa kowace waya, a kashe wuta daga bireka, ba daga makunni kaɗai ba, a gwada da na'urar gwaji. Jan sabon layi da haɗa shi da allon bireka aikin ƙwararren mai lantarki ne, shi zai auna ya tabbatar RCD tana yankewa kafin a rufe silin.