Yadda ake sassauta maɓallan piyano idan sun yi nauyi

Duk damana sai an kira ni kan maganar nan, wai piyanon coci ya ƙi, ka danna maɓalli ya tsaya ƙasa ko ya dawo kamar mai jin barci. Kuma abu na farko da mutanenmu na Maraɗi ke yi shi ne su ɗauko man keke ko WD-40 su fesa, don Allah a daina, na taɓa ganin wanda aka zuba ma man gyaɗa, hunturu na zuwa ƙura ta manne ya zama kamar ƙulli-ƙulli.

Ka fara gano inda ciwon yake. Cire allon gaba, ka riƙe maɓallin, ka tura gudumarshi, wato ɗan sandan mai kan ulu da ke bugun waya, da yatsa zuwa ga wayar ka saki. In ta dawo da sauri, maɓallin ne ya matse bisa ƙusarshi, wannan matse ulun ramin maɓallin da ƙusar ke shiga ake yi kaɗan. In ta dawo a hankali to matsalar tana mahaɗin gudumar, wata 'yar siririyar ƙusa ce ke juyawa cikin ƙyallen ulu, raɓar watan Agusta ke kumbura ulun ya shaƙe ta. Ba mai ya rasa ba, wuri ya rasa.

Kwance gudumar da turnabis, ka riƙe ɗan katakon mahaɗin ka sake ta tana lilo ƙasa. Mai lafiya takan yi lilo kamar sau 4 zuwa 7 kafin ta tsaya, in sau ɗaya ta yi ta tsaya ka kama ɓarawo.

Maganin da ke kusa shi ne alkol ɗin farmasi, mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari marar kala, don dama da ruwa a cikinshi, ruwan ne ke sa ulu ya ƙara kumbura ya matsu jikin ƙusa, in ya bushe sai ya tsuke ya bar mata hanya. Ka zuƙa da sirinji, ɗigo ɗaya bisa ulun kowane gefen ƙusar mahaɗin, kar ya taɓa kan guduma ko wayoyi. Da farko zai ƙara tauri, kar ka firgita, bar shi ya kwana. Kuma gwada bisa guda ɗaya tukun, kar ka bi gudumomin 88 ɗin duka ka wayi gari suna kwal-kwal, wanda ya sake da yawa ba ya komawa.

In kana da mai kawo maka kaya daga waje, akwai wani ruwan magani mai suna Protek CLP, don wannan aiki aka yi shi, ba ya barin maiƙo.

Amma in ka ga wani kore-kore a bakin ƙusar, irin na tsofaffin piyanon kamfanin Steinway na Amurka, ruɓewar ƙarfen ce, ko ka sa magani ya sassauta, bayan 'yan watanni zai koma. Wannan sai an canza ƙusa da ulun, ko ma mahaɗin baki ɗaya.