Yadda Za Ka Kalli Pride and Prejudice Na BBC Ka Fahimce Shi

Wanda zai kalli wasan kwaikwayon da BBC ta shirya a 1995 daga littafin Jane Austen na 1813 ya tanadi lokaci, domin kashi shida ne, kowanne kusan awa guda. Ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, saboda Turancin na da ne, kuma yawancin baƙar maganar da ke ciki a cikin ladabi ake yaɓa ta.

Ka fara riƙe maganar gado. Mista Bennet yana da 'ya'ya mata biyar, babu namiji, kuma sharaɗin da ke kan gidansu na Longbourn shi ne namiji kaɗai zai gaje shi, don haka ranar da ya rasu, ɗan uwansa Mista Collins ne zai karɓe gidan. Mu da muka saba 'ya mace tana da rabonta abin zai ɗaure mana kai, amma shi ne ya sa uwarsu take rawar ƙafa wajen aurar da su, kuma a ganina ba kwaɗayi kaɗai ke damunta ba. Ka kuma lura da kuɗin da ake ambatawa: Darcy, attajirin saurayin da ya nemi auren Elizabeth, 'yar Mista Bennet ta biyu, yana samun fam 10,000 a shekara, Mista Bennet kuwa 2,000. Da wannan za ka gane girman kasadar da Elizabeth ta yi da ta ƙi tayin auren Darcy.

Daga nan sai ka sa ido kan sutura. 'Yan uwan Bingley mata (Bingley attajiri ne, abokin Darcy) suna ado da siliki mai launi da gashin tsuntsu a ka, 'yan gidan Bennet kuma fararen riguna marasa kwalliya. Lokacin da Elizabeth ta taka mil uku zuwa Netherfield, gidan da Bingley yake zaune, don duba yayarta Jane, ka dubi laka a bakin rigarta da irin kallon da aka bi ta da shi. Rawa ma ba wasa ba ce, domin a nan ne saurayi da budurwa suke samun damar zantawa, shi ya sa ƙin rawa da Elizabeth da Darcy ya yi a garin Meryton ya zama cin fuska.

Shigar Colin Firth, wanda ya fito a matsayin Darcy, cikin tafki babu ita a littafin, marubucin wasan Andrew Davies ne ya ƙara ta. Inda ya kamata ka dakata shi ne wasiƙar Darcy a farkon kashi na huɗu. Ka saurare ta sau biyu, sannan ka koma ka sake jin abin da Wickham, sojan da ba ya ga maciji da Darcy, ya faɗa wa Elizabeth a kan Darcy tun farko.