Idan ciwon ciki ko na baya ya taɓa ɗauke wani a gidanku farat ɗaya

Yayana ya rasu yana da shekara 68. Da la'asar ya ce bayansa kamar ana caka masa wuƙa, kafin isha'i rai ya yi halinsa. Wani abokina likita da ya zo ta'aziyya ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka je a yi maka sikanin." Zarginsa, babbar jijiyar jinin da ta sauko daga zuciya ta ratsa ciki ce ta kumbura ta fashe.

Faɗin jijiyar nan a lafiyayyen mutum kamar santimita 2 ne. In ta kai 3, ta kumbura ke nan, kuma galibi ba ta ciwo sai ranar da ta fashe. Ita ce ajalin Albert Einstein a 1955.

Fara da tambayar dattawan gida, musamman gwaggonni, su ke riƙe da labari. Mu nan ba a cika binciken gawa ba, sai a ce "ciwon ciki ne" a wuce. Don haka kada ka nemi sunan cuta. Tambayi yadda mutuwar ta zo: ciwo na lokaci guda, zufa, suma. Wanda uba, uwa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya samu wannan kumburi, haɗarinsa ya kusan ninka na sauran mutane. Binciken tagwaye a Suwidin ya nuna gado na da kaso kusan 70 cikin 100, kuma a 2008 masana a Ayisland sun gano wani gurbi a ƙwayoyin halitta, 9p21, da ke ƙara haɗarin. Amma kada ka kashe kuɗinka kan gwajin ƙwayoyin halitta, sai dai in likita ya yi zargin ciwon Marfan (wani ciwon gado da ke raunana bangon jijiyoyin jini) ko makamancinsa a zuri'arku. Gurabun suna da yawa, kowanne tasirinsa kaɗan ne.

Sikanin shi ne magana, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, minti goma zuwa sha biyar. Ka gaya wa mai yi ƙarara jijiyar kake so a auna, ka karɓi adadin a rubuce. A Ingila ana gayyatar kowane namiji a shekarar da zai cika 65. Mai tarihin gida ya tuntuɓi likita tun kafin nan, mace ma haka.

Can Ingila, daga santimita 3 zuwa 4.4 ana sake aunawa duk shekara, daga 4.5 zuwa 5.4 duk wata uku, a 5.5 sai a fara maganar tiyata. Taba kuwa a yar da ita, don ba abin da ya kai ta hanzarta kumburin, a kuma riƙe maganin hawan jini.

Tawa ta nuna 2.1. Ƙanena da ya daɗe yana busa sigari tasa 3.4 ce, watan gobe zan raka shi awo na biyu.