Yadda Za Ka Gane Yaren Rediyon 'Yan Kwana-kwana

Duk sabon da aka zaunar kusa da ni a ɗakin karɓar kiran gobara, abin da nake fara koya masa shi ne bambancin "an shawo kanta" da "ta mutu". Ni ma na taɓa cakuɗa su ina sabon shiga, na sallami motar ruwa ta biyu, ba a yi awa guda ba wuta ta sake tashi daga cikin silin. An shawo kanta na nufin ta daina yaɗuwa, amma tana nan tana ci. Kada ka rubuta ta mutu sai jagoran da ke wurin ya faɗa da bakinsa, bayan an ɓare silin an tone tarkace, ba a ga garwashi ba.

Gini kuma ba shi da dama ko hagu a rediyo, don hagunka damar wani ce. Fuskar da ke kallon titi ita ce Alfa, sai ka zagaya kamar hannun agogo: Burabo, Cali a baya, sannan Delta.

Ajin wuta ba wuya. Ana ba ta harafi bisa abin da ke ci: A na nufin itace da takarda da tufafi, B fetur da danginsa, D ƙarafa irin su maganiziyam. C ce mai rikici: a Amurka kayan lantarki take nufi, a Turai gas. Man girki K ne a Amurka, F a Turai. Shi ya sa ba na neman harafi a bakin mai kira. "Me ke ci?" kawai nake tambaya.

Kasa kunne sosai ga bayanin hayaƙi. In aka ce ɗaki a rufe yake, tagogi sun yi baƙi, hayaƙi na fita yana komawa kamar numfashi, to wutar iska take nema. Ana buɗe ƙofa za ta yi bindiga. Faɗa wa mai kira kada ya taɓa ƙofar, ka sanar da motar da ke hanya. Wannan daban ne da kamawar ɗaki gaba ɗaya, wadda ke zuwa idan zafin saman ɗakin ya kai wajen digiri 500 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyas.

In kuwa ka ji "Mede" sau uku, ma'aikaci ne ya shiga halaka. Tsayar da kowa a layin, ka tambaye shi wane ne, yana ina, me ya same shi.