Yadda ake shaƙar inhela ta asma

Jama'a hunturun Jos ya kankama, ga sanyi ga ƙura, masu asma sai a hankali. Da yawa suna da inhela amma maganin a baki yake tsayawa baya kaiwa huhu.

Ka cire murfin ka girgiza ta sosai, ka zauna a miƙe, ka fitar da numfashi duka tukunna. Sai ka kama bakinta da leɓɓanka ka rufe ruf, ka fara jan iska a hankali, a daidai lokacin ka danna sau ɗaya kana ci gaba da ja, nan ne mutane suke kuskure wallahi, wasu su danna sannan su ja, maganin ya riga ya tafi. Riƙe numfashi kamar sakan 10. In za ka ƙara, jira minti ɗaya ka sake girgizawa.

Shuɗiyar nan Ventolin ta lokacin da ƙirji ya toshe ce. Ta kullum mai sitiroyid (maganin rage kumburin hanyar numfashi) kuwa a kurkure baki bayanta a tofar, saboda kurajen baki. Yara a haɗa musu da robar sifesa, wato robar da ake jonawa a bakin inhela, a fesa maganin a cikinta yaro ya shaƙa.

Likitoci da nas-nas don Allah kar ku tsaya a rubuta magani kawai, ku sa mara lafiya ya gwada a gabanku ku gyara masa.