Wace siga ce ke kan sabar? Kurakuran da aka fi yi a Git da yadda ake gyara su

Wani dare mai shagon da muka yi wa manhajar lissafi ya kira ni, ya ce rasit na fitowa da kuɗin da ba su ba ne. Na tambayi abokin aikina wace siga muka ɗora masa, ya ce, "Ai ta `main` ce." Amsar nan ta ci mana kusan awa uku, domin `main` sunan reshe ne, wato layin aiki, a Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, kuma tun ranar da aka ɗora an ƙara ajiya (commit, gyaran da aka adana a tarihi) fiye da ashirin a wannan reshen.

Babban kuskuren ke nan, ɗaukar sunan reshe a matsayin siga. Reshe tafiya yake yi, `main` na Litinin daban, na Alhamis daban. Abin da ba ya motsi shi ne lambar shaidar da Git ke bai wa kowace ajiya, mai haruffa 40. Don haka duk manhajar da za ta bar hannunka, a sa ta fita da shaidarta a jiki. Umarnin `git describe --tags --dirty --always` zai ba ka abu kamar `v1.4.2-14-g2414721`. Ka karanta shi haka: laƙabi (tag, sunan da ake liƙa wa ajiya ɗaya) mafi kusa shi ne v1.4.2, an yi ajiya 14 bayansa, harafin g na nufin Git, sauran kuma farkon lambar shaida ne. Ka sa wannan layin ya bayyana a ƙasan shafin manhajar. Da mun yi haka, da mai shagon ya karanto mana shi ta waya cikin minti ɗaya.

Kada ka cire `--dirty`. Idan aka haɗa manhaja alhali akwai gyaran da ba a ajiye ba, zai ƙara kalmar `dirty` a ƙarshen layin. Ganinta a kan sabar na nufin abin da ke aiki can babu shi a tarihi, yana kwamfutar mutum ɗaya ne kawai. A ganina bai kamata irin wannan ta kai ga mai saye ba ko sau ɗaya.

Sai batun laƙabi, inda mutane da yawa ke tuntuɓe. `git tag v1.5` na yin laƙabi mara nauyi, babu sunan wanda ya yi, babu kwanan wata, kuma `git describe` ba ya kallonsa sai an haɗa da `--tags`. Ga sigar da za a saki, yi amfani da `git tag -a v1.5 -m "bayani"`. Sannan `git push` kaɗai ba ya tura laƙabi. Kana ganinsa a naka, abokan aiki ba sa gani. `git push --follow-tags` ne maganin. Mafi muni shi ne ka tura laƙabi, ka gano kuskure, ka mayar da shi kan wata ajiya da `-f`. Wanda ya riga ya janyo na farko zai ci gaba da riƙe shi, sai ku zama mutum biyu kowa na rantsuwa v1.5 yake gudanarwa, alhali kayan sun bambanta. Bar shi inda yake, ka fitar da v1.5.1.

Wani lokaci komai daidai ne a kwamfutarka amma injin haɗawa, wato sabar da ke haɗa manhajar da kanta, ya kasa ganin laƙabi. A GitHub Actions, ɗaya daga cikin irin waɗannan injinan, `actions/checkout` ajiya ɗaya tak yake janyowa sai ka sa `fetch-depth: 0`.

Gajeruwar lambar shaida mai haruffa 7 ta isa a ƙaramin rumbu, wato ma'ajiyar aiki a Git, amma idan rumbun ya girma biyu na iya karo. Masu Linux haruffa 12 suke nema a rubuta. Tun Git 2.11 na 2016 yana ƙara tsawon da kansa, sai dai abin da ka kwafa cikin takarda bara ba zai ƙaru ba.

Idan kuma matsalar ita ce gano inda ɓarna ta shigo, daina bin tarihi da ido. Faɗa wa `git bisect` ajiya ɗaya mai lafiya da ɗaya mara lafiya, zai riƙa raba tsakaninsu biyu. Ajiya 1,000 gwaji kusan 10 ne. In ka san sunan abin da ya ɓace, `git log -S` zai nuna ajiyar da ta shigo da shi ko ta cire shi.

Bayan `rebase`, wato sake ɗora ajiyoyi a kan wani tushe, lambobin shaida na canzawa, wanda ka rubuta jiya ba za ka gan shi a `git log` ba. Kada hankalinka ya tashi, duba `git reflog`, wanda ke riƙe tarihin ajiyoyin da ka taɓa tsayawa a kai. Amma ka sani a kwamfutarka kaɗai yake, kuma ajiyar da babu reshen da ke riƙe da ita tana iya fita daga cikinsa bayan kwana 30. Da zarar ka gano ta, ɗaura mata reshe ko laƙabi nan take.