Kurakuran da ke lalata gyaran motar da aka ƙera kafin yaƙin duniya na biyu

A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, babu injin da ke gagarar makanikai, amma hannun da ya saba da Sprinter da Corolla shi ne ya fi yi wa tsohuwar mota ɓarna. Ford Model A ta 1927 zuwa 1931 da Austin Seven ta 1922 zuwa 1939 kowacce da tsarinta, kuma yawancin asarar tana zuwa ne idan aka yi mata irin aikin motar yau.

Kuskuren farko tun ranar da aka kawo ta ake yinsa: a sa batir a buga sitata, ko a ɗaura mata igiya a ja don injin ya juya. Injin da ya shekara talatin a kwance ringinsa ya manne da silinda, bawul ya kafe da tsatsa. A Model A haƙorin da ke juya kamshaf ba na ƙarfe ba ne, da an matsa masa zai zube. A cire filogi, a zuba man dizal gauraye da man giyar otomatik kamar cokali uku a kowace silinda, a bar shi mako biyu, sannan a riƙa girgiza shi da hannu gaba da baya.

Daga nan sai kwancewa ba tsari. Yaro ya tara noti duka a gwangwani ɗaya, bayan wata shida ba wanda ya san gurbin kowanne. A ɗauki hoto da waya kafin a taɓa komai, a sa kayan kowane sashe a ledarsa da rubutu. Kada a yar da ko da mataccen abu, don shi ne samfurin da mai lata, wato injin sassaƙa ƙarfe, zai duba. Notin Austin na Whitworth ne da BSF, wato tsarin zaren Ingila na inci, sufanar milimita ba ta zama a kansa daidai. Bol ɗin 5/16 BSF yana kama da M8 a ido; M8 ɗin zai shiga zagaye biyu ko uku, sai ya cije, idan aka ƙara ƙarfi ya cinye zaren gidan injin da yake na alminiyam.

Wajen bodi, masu walda kan fara da abin da ido ke gani. Shasi ne farko: a ɗora shi a daɓe madaidaici, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, idan awon ya saɓa a miƙar da shi. Motoci da yawa na lokacin, musamman na Ingila, ƙarfen bodinsu a kan firam na katako aka lulluɓa shi. Ƙofar da ta sauka sau da yawa gara ce ta ci katakon, gyaran hinji ba zai yi magani ba. Kada a musanya da katakon da ake kira wawa don araha, ba ya riƙe sukuru kuma ƙwari na sonsa. Katakon odum ya fi jurewa ko da yake yana da nauyi, amma sai busasshe sosai, in ba haka ba ya kumbura da damina ya tsuke da hunturu, ƙofa ta daina rufuwa. Walda kuma ɗigo-ɗigo ake yi ana barin wurin ya huce, don dogon layi yana lanƙwasa faifan. Filar cike bodi da ta wuce kaurin milimita uku za ta tsage a hanya.

Babbar matsalar injin tana wajen boris ɗin kurankishaf. Makanike ya buɗe ya tura yaro kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra ko shagunan Magazine neman boris na kwali, alhali Model A ba ta da shi. Nata boris farin ƙarfe ne da ake kira babit, haɗin kuza da tagulla da antimoni, ake narkawa a zuba a cikin bulok da kon-rod, sannan a fafe shi daidai kaurin kurankishaf. Saboda haka kada a kai kurankishaf washi sai an samu wanda zai zuba babit ya fafe duka a layi ɗaya. Idan babit ɗin bai tsage ba, a bar shi. Tsakanin murfin boris akwai siraran faya-fayan tagulla. Ana ɓare su ɗaya bayan ɗaya, daidai ta kowane gefe, har tazarar ta koma kusan inci 0.0015. Wasu kan zubar da su su goge murfin da fayil, daga nan murfin ya tashi aiki. Kan silinda ana ɗaure shi daga tsakiya zuwa waje har 55 ft-lb a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a sake bi bayan injin ya yi zafi ya huce.

Waɗannan injuna ba su zo da filtar baƙin mai ba. Idan aka zuba man zamani a kan injin da ba a wanke ba, zai tayar da daɗaɗɗen datti ya kai shi cikin boris, don haka a sauke kwanon mai a kankare tukun. A giya kuma a guji mai GL-5 inda akwai bushin tagulla, yana cinsa.

Wutar Model A bolt 6 ce, kuma kan batir mai alamar + ne ke zuwa jikin shasi. Wanda ya haɗa yadda ya saba ya juya ta kenan. Idan sitata tana jan jiki, kafin a ɗauko batir mai 12 a ƙone ƙwan fitila da koyil, a duba waya: bolt 6 na jan wuta ninki biyu, tana buƙatar kebul mai kaurin 50 mm² da wurin ɗauri da aka kankare har ƙarfe ya fito fari.

Birkinta na sanduna ne, ba mai a ciki. Sabon lainin ba zai kama ba matuƙar fil-fil da bushin sandunan sun cinye, don takun yana ɓacewa a cikin wasan da suke yi. A canza su, a ɗaga ƙafafun huɗu a kan jak, a sa wani ya taka birki rabi, a daidaita har kowace taya ta hagu ta yi nauyi ɗaya da ta dama a hannu.